Ranar da Malama Eulogia ta shayar da allo

Shekara talatin da huɗu Malama Eulogia Condori ta yi tana koyar da 'yan aji ɗaya a ƙauyenmu, can kan tudu bayan birnin Oruro. Duk wanda ya iya rubuta sunansa a garin nan ta hannunta ya bi, har da ni mai dama wa ɗalibai kunun masara, har da hedimastanmu Wilfredo Ticona, wanda na tuna shi sarai yana kuka da majina don riƙon fensir ya gagare shi. Alli ya cinye mata yatsu, sun bushe sun tsattsage.

Sai gwamnati ta tuna da mu. Rufin ajin yana yoyo tun ina budurwa, amma manya suka gano cewa babbar matsalarmu ita ce rashin allon lantarki, irin wanda ake shafawa da yatsa ya kawo hoto. Aka kafe shi a kan tsohon baƙin allonta, ya rufe shi, saura ɗan gefe mai faɗin tafin hannu biyu.

Wani saurayi ya zo daga birni ya yi wa malamai bita. Kowa ya taɓa, allo ya amsa. Malama ta taɓa, shiru. Ta danna da ƙarfi, shiru. Saurayin ya ce ai fatar yatsanta ce ta yi kauri, allon ba ya jin ta.

Ran nan Wilfredo ya tare ta a ƙofar kicin ɗina. "Malama, kin yi ƙoƙari. Daga Litinin sabuwar malama za ta karɓi aji ɗaya, ke kuma ki huta, ki riƙe mana makullin sito."

Sito ɗin, tsintsiya uku ne a ciki da karyayyun kujeru. Da ya wuce ta zauna kan buhun dankali tana kallon yatsunta, ni kuwa wallahi sai da na ji kamar in sheƙa masa kunun a ka.

To mu ba ma fara amfani da sabon abu, mota ce ko gida, sai an yi masa ch'alla, wato an zuba wa Uwar Ƙasa, ƙasar da ke ciyar da mu, rabonta na giya. Ranar Juma'a aka yi wa allon ado da furanni, iyaye suka cika aji, aka kunna shi yana nuna wani kifi yana iyo. Zubawar farko ta wanda ya fi kowa daɗewa a makarantar ce, don haka aka miƙa wa Malama kwalba.

"Ɗan yayyafi kawai, Malama," in ji Wilfredo.

"Kai Wilfredo, ni na share maka hanci, yau kai za ka koya mini shayar da Uwar Ƙasa?"

Aka fashe da dariya. Wani tsoho daga baya ya ce, "Zuba mata sosai, Mama, rowa ce ke kawo tsiya!"

Ta bi kusurwoyin ajin huɗu kamar yadda aka gada, a ƙasa, ko ɗigo bai taɓa gilashin ba. Sai dai a kusurwa ta huɗu ne aka ajiye soket da duk wayoyin allon. Nan ta juye sauran kwalbar. Muka ji tas, hayaƙi ya tashi, kifi ya tafi bai dawo ba.

Wa za a kama? Al'ada aka bi, a gaban kowa. Wilfredo ya rubuta wa ofishin ilimi, aka ce masu gyara suna hanya, har yau muna sauraron isowarsu. Allon kayan gwamnati ne, ba mai ikon sauke shi. Sabuwar malama ta dubi ɗan gefen da ya rage ta ce ita ba za ta iya ba. Ranar Litinin Wilfredo da kansa ya kai wa Malama kwalin alli, kansa a ƙasa.

Shekara biyar ta ƙara tana rubutu a wannan tsukin, harafi kan harafi daga sama zuwa ƙasa, yara kuma suka iya karatu.

Ranar da ta yi ritaya na zuba mata kunu na tambaye ta a hankali, "Malama, tsakaninki da Allah, ba ki ga soket ɗin nan ba?"

Ta hura kunun ta kurɓa. "Ke Fermina, ni da nake hango ki daga bakin allo kina satar amsa a layin baya?"