Taswirar Bangon Hayin Banki

Ana sallame sallar asuba muka bar Funtuwa a fijo, ni da wani abokin aikina, naira shida-shida zuwa Kawo. Sai da muka wuce Zariya hanya ta yi kyau. A Jaji muka ci waina mai zafi, miyar kuwa daga nesa aka nuna mata kabewa.

A cinyata akwai taswirar Kaduna da na yi wata biyu ina zanawa. Shekarata goma sha takwas ina wannan aiki a ofishin safiyo, kuma na ji wani Alhaji a Doka yana neman wadda zai rataya a sabon otal ɗinsa.

Muka fara biyawa Hayin Banki mu gai da wani ɗan ajinmu, wanda ya faɗi jarrabawar safiyo sau biyu, ya koma fentin alluna. Da tausayinsa na shiga layin.

Shagonsa maƙil da mutane. Bango guda taswirar gari ce da fenti: ga tashar Kawo da 'yan kamasho, ga masu gasa masara a Kinkinau, ga kogi kwance kamar mesa. A gefe ya rataye tsohuwar taswirar fata ta kakansa bafatake, mai nuna zango da rijiyoyi har Gwanja. A jikinta ya koya, in ji shi.

Wani direba Bazamfare ya dangwala yatsa yana dariya. "Ga layinmu! Har itacen da nike aje mota!"

Ni tunda nake, ba wanda ya taɓa yi wa zanena murmushi.

Na ce, "Kogin nan ba haka ya karkata ba. Kuma ina sikelin awon nisa?"

Mai shagon ya ce, "Gaskiyarka, mutumina. Dama na gaya wa Alhajin Doka sai na samu gwani ya duba mini kafin in kai masa tasa. Allah ne Ya kawo ka."

Ashe an riga ni. Na gyara masa kogin da fensir, taswirata kuwa ko warwarewa ban yi ba. Tuwon shinkafar gidansa ya yi daɗi, amma loma uku na iya.

Da la'asar muka kamo hanya, abokin tafiyata na ta yabon shagon, ni ina kallon taga. Ana kiran magariba muka iso gida.

Da baƙo ne ya yi zanen nan, da na yaba har na saya. Ciwon duka don na saba ganinsa a bayana ne. Ina ta roƙon Allah Ya wanke mini zuciya, amma ban ce ta wanku ba tukuna.