Akuya Mai Lamba Sha Shida

Sunan da kowa ya san shi da shi a tashar binciken shi ne Baban Awaki. Na tarar da shi can lokacin da aka ɗauke ni akawu. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, gajere ne, mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa kamar ɓawon itace. Da dako ya fara, yana sauke buhunan dusa daga mota, har wata rana Likita, matar da ke shugabancin binciken, ta ga yadda ya kwantar da wani bunsuru da ya gagari mutum uku. Daga ranar aka ba shi garke, da ɗaki biyu a gidajen ma'aikata.

Aikin tashar a kan ciwo ɗaya ne: wanda ke sa awaki ɓari, ya kuma sa mai shan madararsu ɗanya zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Garke biyu ne, na masu lafiya da na masu ciwo, da katangar waya a tsakani da ƙofa guda. Baba ke riƙe da makullin, a ɗaure da igiya a wuyansa. Bai iya karatu ba. Kowace akuya tana da lamba a kunne, amma shi da suna yake kiransu: Kurma, Mai Tsegumi, Mafaɗaciya.

"Akawu," yakan ce da ni, "taka lambar ba ta amsa kira. Gwada kiran talatin da biyu mu gani."

Ni kuwa ina ji da rubutuna. A makarantar mishan aka koya mana da rula a bayan hannu, kuma akwai dokar da malaminmu ba ya ɗaga ƙafa a kanta: duk lambar da za a iya juyawa, a ja mata layi a ƙasa. Har yau ina jin ƙamshin tawadar ajin nan. Ni ke zana lambobin kunnen da fenti. Wata safiya aka kawo sababbin awaki, fentin yana ƙarewa, ana jira na, sai na zana 16 da 91 ban ja layin ba.

Ranar ɗibar jini Baba yakan matse akuya tsakanin gwiwoyinsa, ni in karanta lamba in rubuta a jikin kwalba. Ta farko ta fizge kai, lambar ta juye, na rubuta 91. Da ɗayar ta zo na ga an riga an cika gurbin 91, sai na rubuta 16. Sakamako ya fito: sha shida lafiya, casa'in da ɗaya ciwo. Muka zo rabawa, na nuna masa sha shida ta shiga garken masu lafiya.

Ya shafa gwiwarta, ya taɓa nononta, ya girgiza kai.

"Wannan 'Yar Gata ce. Ba ta da lafiya, Akawu. Dubi yadda take taka ƙafa."

"Baba, jini ya nuna. Ga shi a littafi."

"Littafin ne ya kwana da ita ko ni?"

Masu shara suka yi dariya, ni kuwa na ji zafi. Na ce masa in ya fi madubin Likita gani, sai ya je ya karɓi farar riga. Ya dube ni, ya kwance makullin, ya buɗe.

Bayan wata huɗu awaki uku suka yi ɓari a garken masu lafiya. Aka sake ɗibar jini, goma sha ɗaya suka kamu. Aikin wata goma sha huɗu ya lalace. A ranar da aka sake ɗibar ne na ga kunnen 'Yar Gata ya juye a hannuna, na ga 91 a inda 16 take, na gane abin da na yi. Ita kuwa casa'in da ɗaya, Mafaɗaciya, da muka jefa cikin masu ciwo tana lafiya lau, ta riga ta kamu. Babu sauran abin da zai tona ni sai bakina.

Likita ta kira mu ofishinta, mu biyu. Mace ce mai adalci, ba ta yanke hukunci sai ta tambaya.

"Akawu, littafinka daidai yake?"

"Daidai yake, ranki ya daɗe."

"To hanya ɗaya ta rage. Baba, ka taɓa barin ƙofar tsakiya a buɗe?"

"Ban taɓa ba."

"Ko na minti biyar, kana kai ruwa?"

"Ban taɓa ba, Likita."

Ya juyo ya dube ni. Ni kuma ina duban fankar da ke juyawa a sama, kamar ni aka ba aikin ƙirga fikafikanta. Aka rubuta sakaci a takardar sallamarsa, kuma ni na buga takardar a tafireta, ba kuskure ko ɗaya. A ƙarshen watan ya kwashe matarsa da 'ya'yansa biyar daga gidajen ma'aikata a kan amalanke.

Ya koma bayan mahauta, yana tsare wa mahauta dabbobinsu kafin yanka. An ce ba a sayen akuya a wurin sai ya shafa ta. Nakan hango shi daga kan keke in sauya hanya. Haka muka yi shekara ashirin da shida. Na zama babban akawu, na yi ritaya, aka ba ni agogo saboda riƙon amana.

Da na ji idanunsa sun mutu, sai na je. Yana zaune a ƙofar ɗakinsa da rana tsaka, ɗan akuya a cinyarsa. Na yi sallama.

"Akawu ne? Har yanzu takalminka na ƙara. Zauna, in ba ka tsoron wandonka."

Na zauna. Na shirya magana tun daga gida, da gabatarwa da komai, amma abin da ya fito shi ne, "Baba, ban ja layi ba."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Ban iya karatu ba, amma a lokacin ina da ido. Ni daga baya nake ganin kunnen, kai daga gaba. Zanen 'Yar Gata da na Mafaɗaciya iri ɗaya ne in ka juya kai."

"Me ya hana ka faɗa wa Likita?"

"In ce mata me? Mai kwasar kashin awaki ya kama akawu da kuskuren rubutu? Na faɗa sau ɗaya aka ce in je in karɓi farar riga. Ranar nan kai na jira. Na ga fanka ta fi ni ban sha'awa."

Na roƙe shi gafara. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce gida ya wuce, yara sun girma, abu ɗaya ne ke ci masa rai: babbar 'yarsa ta karanta takardar nan tana yarinya, har gobe ta ɗauka ubanta ya bar ƙofa a buɗe.

"Likita ta rasu," na ce.

"To kai ba ka rasu ba. Ba kai ne mai rubutu ba? Ka rubuta."

Na ce to. Na sayi takarda mai kyau a ranar. Sau nawa na fara ina yagewa, wai kalmomin ba su zauna ba. Ya rasu bayan shekara biyu, takardar na cikin aljihun tebur.

Jiya na kai wa 'yarsa wannan rubutun, ta karanta a tsaye, ta miƙo mini ta ce in ƙara abu ɗaya a fili, yadda ba sai an yi tunani ba. Ga shi: ni na sauya kwalaben jinin. Baban Awaki bai taɓa barin ƙofar nan a buɗe ba.