Kwanukan Ta'aziyyar Orval

Orval Lindqvist ya yi shekara talatin da huɗu yana gyaran injin jiragen ruwa a bakin tafki kafin ya ajiye aiki. Dogo ne, marar yawan magana, ko a coci ƙasa-ƙasa yake rera waƙa. Tun da ya huta, duk safiyar Allah shi da matarsa Bernice sukan je wata babbar kasuwa mai rufi su yi tattaki tare da sauran tsofaffi kafin a buɗe kantuna. Zagaye biyar, sannan a zauna shan kofi.

Yana son wannan lokacin. Rabin fitilu a kashe, mutum-mutuman tallan riguna na tsaye bayan gilashi kamar masu jiran a tashe su daga barci, sawun takalma na tashi a hankali kamar ruwa na lasar gaɓa. Waje dusar ƙanƙara, ciki ɗumi. Wani sa'in sai ya ji ba shi ke tafiya ba, ƙasar ce ke tafiya da shi.

Bernice ta rasu a farkon hunturu. Matan coci suka yi abin da aka saba, kowacce ta kawo kwanon gasasshiyar taliya da cuku, da sunanta manne a gindin kwanon don a mayar mata. Kwano goma sha tara. Firiza ta cika, sauran ya jera su a baranda sanyi na tsare masa. A wurin Orval rashin ta ido ne ka mayar wa mace kwanonta ba ka cinye girkinta ba, zubar da abinci kuwa zunubi. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, safe da rana da yamma.

Cikin mako uku jikinsa ya yi nauyi. Ciki ya cushe kamar an ɗura masa yashi, ƙafa ba ta ɗaguwa. Zagaye biyar ya koma uku, ya koma ɗaya da rabi, sai ya nemi benci ya zauna yana kallon mutane na wucewa kamar a mafarki. Ya ɗauka ƙarfinsa ne ya bi Bernice. 'Yarsa Joanne ma haka ta ɗauka. Ta ce masa a waya in har tafiyar ta gagare shi kafin ƙarshen wata, za ta zo ta kwashe shi ya koma wurinta, a sayar da gidan. Har ta fara tunanin kwashe tarkacen yaranta daga ƙaramin ɗaki. Orval bai musa ba. Ya dai daɗe tsaye a kicin yana kallon labulen da Bernice ta ɗinka.

Wata safiya Merle Tvedt, tsohon direban bas da suke tattaki tare, ya bar layi ya zauna kusa da shi.

"Kai tsoho, yaushe rabonka da bayan gida?"

"Merle, a kasuwa muke fa."

"Kasuwar da ba kowa sai kurame irinmu? Faɗa min."

Orval ya sunkuyar da kai. "Yau kwana biyar."

"Me kake ci?"

Ya ba shi labarin kwanukan. Merle ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido.

"Wato matan coci ne za su kashe ka da alheri. Mutumina, ba mutuwa ce ke bin ka ba, cuku ne. Shekara ashirin na yi a kujerar bas, na san cikin da ya ƙi motsi. Saura nawa?"

"Bakwai. Kwanon Doreen ta cocinmu ne a gaba."

"Na Doreen? Ai wannan ko bango sai a yi wa yaɓe da shi."

Washegari Merle ya zo da mota ya kwashe bakwai ɗin. Kowace safiya sai a ɗumama ɗaya a kawo teburin kofi, tsofaffi goma sha biyu kowa cokali biyu, kwano ya koma wa mai shi fes, ba a yi ƙarya ba, ba a zubar ba. Shi kuwa Orval aka ɗora shi a kan ruwan ɗumi da asuba, da wake, da kabeji, da tuffa har ɓawonta.

Ran kwana na uku ya makara, abin da bai taɓa yi ba. Da ya shigo Merle ya dube shi sau ɗaya ya ce, "Barka da sauke kaya."

Ranar ya yi zagaye huɗu. Jikinsa sakayau, har yana jin iska na ratsa rigarsa. Kewar Bernice na nan inda take, ba ta ragu ba, amma yanzu yana iya tafiya da ita.

Da ya koma gida ya kira Joanne.

"Baba, lafiya dai?"

"Lafiya lau. Ɗakin nan, ki bar wa yara tarkacensu a ciki."