Bargar da Aka Gina a Bayan Ɗakina

A zamaninmu mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke fara ɗaga shi ba, in an yabe shi sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ake yabo. Uba ma haka yake yi. Kunya ce, da ita aka raine mu. 'Yan yanzu in na ba su labari sai su yi ta dariya. Ku yi dariyarku, ni dai na san abin da ta jawo mini.

Nawa ɗan farin wata huɗu ya yi a duniya. Ubansa sau ɗaya ya gan shi, ranar suna, shi ma da gefen ido, don a makon nan aka kwashi mazan garinmu Zakka zuwa haƙar kuza lokacin yaƙin Turawa, abin da muke kira ɗiban gwamna. Da damina zazzaɓi ya kama yaron, kwana biyu ya koma. Gari ba maza, ruwa kuma ya cinye hanyar maƙabarta, sai surukina ya haƙa masa wuri a bayan ɗakina kusa da danga, yadda ake yi wa jarirai. Ban yi kuka a fili ba. Ina ni ina kukan ɗan fari a gaban uwar miji? Ɓarin dutsen niƙa kawai na ɗauka na ajiye a wurin don kada in ɓata shi.

Maigidana ya dawo a rame, yana tari. A zaure ubansa ya ce masa yaron ya koma. Ya yi salati, ya shigo ya ci tuwo, bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ce komai ba. Kafin shekara biyu tsofaffin nan suka bi juna, ya zama duk duniya ni kaɗai na san abin da ke ƙarƙashin dutsen nan.

Allah ya buɗa masa a fataucin fata tsakanin kasuwar Safana da ta Batsari, muka sami wasu 'ya'yan. Rannan sai ga shi ya shigo da doki, baƙi wuluk, yana ta washe baki kamar shi ya haife shi. Ya ce ba zai bar shi a turke rana ta dafa shi ba, barga zai gina masa tun da rani, kafin ruwa ya sauka.

Da hantsi suka zagaya gidan shi da magini, ina daka ina kallonsu. Suka wuce rumbu, suka wuce rijiya, suka tsaya a bayan ɗakina. Maginin ya sa ƙafa ya ture dutsen gefe, ya fara jan zane a ƙasa da fartanya.

Na ajiye taɓarya na ce wa maigidana, "Malam, da ka matsa da ita gabas kaɗan."

Ya ce, "Gabas ina? Kan rumbu? Mi ke akwai nan wurin?"

Wallahi maganar ta zo har bakina. Amma ga magini, baƙon namiji, ya tsaya yana kallona, ga mijina. Sai na ji kaina ina cewa, "Nan nake shanya kuɓewa."

Suka kwashe da dariya. Maigidana ya ce, "Oh, mata! Doki da kuɓewa, wa zai matsa wa wani?" Har yau in na tuna kuɓewar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Kwana goma ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, ana curin tubali ana jerawa a rana. Ni ke dama musu fura. Ranar da suka haƙa harsashi ban iya cin abinci ba, ina leƙe ta kafar zana, ina bin bakin fartanya da ido. Allah ya taimake ni, ramin ya zagaye wurin bai taɓa shi ba. Sai dai wurin ya faɗa cikin bargar, daidai inda doki zai riƙa tsayawa, ya taka, ya yi fitsari. Bango na tashi, ni kuwa kamar a ƙirjina ake ɗora shi.

Da aka ɗora jinka aka kafa turken icen ƙirya, saura komin da za a riƙa zuba masa dusa. Maigidana ya sa shi ta yamma. Yana fita kasuwa na shiga, na ja komin nan ni kaɗai, ice ne mai nauyin tsiya, har na ɗora shi a kan wurin. Ya dawo ya mayar, na sake jawowa. A karo na uku ya ce, "Ke dai akwai taurin kai," ya bar mini. Iyakar abin da na iya yi wa yarona ke nan, na hana kofato ya sauka a kansa.

Daga nan na karɓi sharar bargar, aikin da ba na mata ba. Maƙwabta suna ta tsokanata wai na fi mai dokin son dokin. Ban taɓa son dabbar nan ba, Allah na gani. Wuri dai na samu da zan shiga kullum ba wanda zai ce mini don me.

Shekaru suka ja, dokin ya tsufa, mai shi ma haka. Wata Juma'a ya dawo a makare yana ɗingishi, ƙafar wandonsa duk ƙarangiya. Ina cire masa ina faɗa, na ce wane masallaci ne wannan da ake bi ta cikin ƙaya? Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, tsohuwar maƙabarta yake biyawa, gefen da ake sa yara. Tun dawowarsa daga kuza ba Juma'ar da ta wuce shi. Bai san wanne ne ba, sai ya yi wa duka addu'a.

Ya ce, "Ƙafata ta fara gazawa. Don Allah ki faɗa mini, ta ina Baba ya sa shi?"

Ashe shi ma kunyar ce ta riƙe masa baki duk shekarun nan. Na fashe da kukan da ban yi ba tun ina yarinya. Da ƙyar na ce, "Malam, ba ya can. Yana ƙarƙashin komi."

Ya dube ni, ya dubi bargar. Ya ce, "Inda nake durƙusawa kullum da safe in zuba dusa?"

Na ce, "Nan ne."

Ya tashi da sauran ƙarangiyar a wandonsa, ya shiga ya kwance dokin ya fito da shi tsakar gida. Sannan ya koma ciki shi kaɗai. Ina daga bakin ƙofa na ji ya kira sunan yaron, sunan da rabona da jinsa tun ranar da aka raɗa shi.