Ranar da Na Juya Rijiyar Mai Wajen Maƙwabciyarta

Edita, sallama irin ta addinin Musulunci gare ka da masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, ko da yake duk Bahaushen da ya taɓa cin tuwo da ni a unguwar Naif ta Dubai zai gane ni tun kafin ya kai layi na uku.

A shekarun da nake magana, wato kafin zuwan korona da kamar shekara biyu, ba na jin akwai mai cika baki irina a duk Dubai. Aikina shi ne tuƙa rijiyar mai. Mutane suna zaton rijiya a miƙe ake haƙa ta kamar ta ƙauyenmu, alhali ta mai lanƙwasa ta ake yi a ƙarƙashin ƙasa, a kai ta gabas ko yamma, har ta isa inda man yake. Ni ne mai lanƙwasawar. Nakan gaya wa 'yan kasuwarmu masu zuwa sayen kaya cewa ko allura aka binne a ƙarƙashin teku, a ba ni kwana uku in zura mata zare. Nakan ce dutse da kansa idan ya ji ni ne a kan aiki matsawa yake yi. Shekarata ashirin a sana'ar, daga kudancin Najeriya har nan, ga furfura ta fara, ga tumbi, ga filat a International City inda na ajiye maman yara da 'ya'yanmu huɗu, duk a kan bizata suke zaune.

Bari in yi ɗan bayani don a fahimci inda na yi ɓarna. A ƙarshen bututun da muke zurawa akwai injin da ke juya bakin haƙa, kuma a jikinsa akwai ɗan lanƙwasa kamar gwiwa. Inda gwiwar nan ta fuskanta, nan rijiya za ta nufa. Tunda ba mai iya leƙa ƙasa ya gani, sai a ɗaura wata na'ura a samansa wadda ke aiko mana da labarin inda ta fuskanta. Matsalar ita ce idan an murɗa su an haɗa, alamar da ke jikin na'urar ba ta faɗawa daidai da gwiwar. Don haka kafin a zura su, sai a ja layi da alli daga gwiwar zuwa sama, a auna tazarar da ke tsakanin layin da alamar, a shigar da lambar cikin kwamfuta. Ƙa'idar aunawa ɗaya ce tak: ka tsaya kana kallon ƙasa, ka ƙirga ta dama, yadda hannun agogo ke tafiya, ko da ta hagu ta fi kusa. Kuma mutum biyu ke aunawa, kowa da kansa, sannan su sa hannu.

An tura ni wani dandamalin haƙar mai a cikin teku, inda rijiyoyi suke jere kusa da juna kamar tukwane a murhu. Tamu sabuwa ce, kuma aikin farko shi ne in kauce da ita daga wata tsohuwar rijiya da ke gefenta, mai fitar da mai da gas da ƙarfinta. Abokin aikina mai kula da na'urar wani ɗan Indiya ne, mutum mai shiru, wanda na girme shi da kusan shekara goma sha biyar, Haji yake kirana. Da safen da muka haɗa kayan, ina riƙe da alli da tef ɗin awo, ma'aikatan dandamali sun kewaye ni ina ba su labarin yadda na taɓa kayar da bijimi da hannu ɗaya a garinmu. Gaskiyar magana ɗan maraƙi ne, kuma shi ya kayar da ni. Ina tsakiyar nuna musu yadda na kama ƙaho na zagaya tef, na karanta digiri tamanin, na zana a ɗan littafin aljihuna. Abokin nawa ya matso ya ce Haji, a ba shi tef ɗin shi ma ya auna. Na dafa kafaɗarsa na ce khalas habibi, wato an gama abokina, lokacin da na fara jan layin nan shi yana koyon ɗaura igiyar takalmi, yalla, maza a zura kaya rana na yi. Jama'a suka yi dariya. Ya ji kunya, ya sa hannu a takardar, aka zura.

Muka fara haƙa. Da awon farko ya fito, sai na ga rijiya ba ta nufi inda na tura ta ba. Maimakon in tsaya, sai na ce wannan dutsen ne mai taurin kai, na san irinsa, na ƙara danna mata. Da awo na biyu ya fito gab da azahar, abokin nawa ya daɗe yana kallon kwamfuta, sannan ya ce Haji, kamfas ɗin na'urar, wato mai nuna mata arewa, ya fara rikicewa, kuma abin da ke rikita shi a wannan zurfin ƙarfe ne kawai. Ƙarfen da ke ƙarƙashin tekun nan kusa da mu kuwa ɗaya ne, bututun maƙwabciyarmu. Na ce masa na'urarsa ce ta tsufa, ya je ya ci abinci ya dawo mu duba. Yana fita na ciro littafin aljihuna. Ga da'irar da na zana da hannuna, ga alama, ga layin gwiwa, ga kibiya ta tafi hagu. Ta gajeriyar hanya na auna. Tamanin ta hagu kuwa, a ƙa'idarmu ɗari biyu da tamanin ke nan. Wato tun safe duk lokacin da na ce wa rijiya ta gudu daga maƙwabciyarta, kusan rungumarta nake tura ta yi.

Edita, ɗakin nan akwai na'urar sanyaya wuri mai sa mutum neman bargo, amma gumin da na yi a wannan lokacin da an tara shi da jirgin ruwa ya yi iyo. Ga ni ni kaɗai, ga kwamfuta a gabana. Lamba ɗaya zan ƙara a gaban tamanin ɗin nan, in juya rijiya in gudu, in ɗora wa dutse laifi, ba wanda zai sani. Na tuna bizar iyalina saura wata biyu a sabunta ta. Na tuna babbar 'yata tana shekarar ƙarshe a sakandare, idan aka kore ni sai dai ta bar jarrabawa mu tattara mu koma gida. Wallahi sai da na ɗora yatsa a kan madannin. Abin da ya tsayar da ni shi ne ban san tazarar da ta rage ba. Kamfas ya riga ya rikice, ko na gyara lambar a makance zan ci gaba da haƙa. Idan bakin haƙa ya huda wancan bututun, gas ɗin ta ƙarƙashin ƙafafunmu zai fito, kuma mutanen da suka yi dariyar labarin bijimi da safe suna tsaye a wurin.

Na ɗauki rediyo na ce a tsayar da haƙa, a ɗaga bututu daga ƙasa. Sannan na nufi ofishin wakilin masu rijiyar, wani dattijo Balarabe wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba. Matakala goma sha biyu ce zuwa ofishinsa, amma na fi jin nisanta a kan tafiyar Kano zuwa Maiduguri. Na ajiye littafin a gabansa na faɗa masa komai, ba ƙari ba ragi, abin da ban saba ba. Ya kalli zanen, ya kalle ni, ya tambaye ni wa ya sake aunawa. Na ce an nemi a sake, ni na hana. Ya ɗaga waya ya sa aka rufe maƙwabciyar rijiyar, ya ce a aiko da wata na'urar awo wadda ƙarfe ba ya rikita ta.

Sai washegari da hantsi jirgin ruwa ya kawo ta. Tsakanin nan ban iya haɗiye ko lomar shinkafa ba, ni da masu dafa abinci ke ɓoye tukunya idan sun hango ni. Da aka zura ta aka fito da awo, dattijon ya kira ni ya nuna min takarda. Tazarar da ta rage tsakaninmu da bututun ba ta fi taku huɗu ba. Ya ce da na ƙara haƙa bututu ɗaya, da yanzu wata maganar ake yi, in akwai masu yin ta. Na zauna a ƙasa ina ta alhamdulillahi. Aka cike ɓarnar da siminti, aka sake lanƙwasa rijiyar ta inda ya dace. Wannan karon mu uku muka auna, ni ne na ƙarshe, kuma bakina a rufe.

Kwana huɗu aka yi asara. Da na sauka, ofishinmu suka kira ni. Na shiga na tarar da mutum uku a bayan tebur, har na fara tunanin kamfanin kago da zai kai mana kaya gida. Na sake maimaita cewa abokin aikina ya yi abin da ya kamata, girmana ne ya danne shi, kada a taɓa shi. Babbansu ya ce kuskuren ya isa kora, amma zuwan da na yi da ƙafata ne ya sa za su tsaya a takardar gargaɗi. Suka cire ni daga teku wata shida, suka ajiye ni a wurin haɗa kaya, kuma duk sabbin ma'aikatan da aka ɗauka sai na tsaya gabansu da littafin nan na ba da labarin. Bizar iyali ta fito, 'yata ta zauna jarrabawarta. Abokin nawa kuwa na je har ɗakinsa a Bur Dubai na ba shi haƙuri.

Abin da nake so 'yan'uwa su ɗauka, musamman mu da muka daɗe a kan sana'a, shi ne idan na ƙasa da kai ya ce bari ya duba aikinka, miƙa masa. Ba raini ba ne. Raha da na yi masa a gaban mutane ita ta rufe masa baki, kuma saura kaɗan ta rufe na kowa. Idan kuma ka riga ka yi kuskuren, faɗi tun ana iya gyarawa.

Sai dai hali ba ya barin mai shi. Kafin shekara ta zagayo labarin ya fara ƙiba a bakina. Wata Juma'a muna cin abincin rana a gida da baƙi 'yan kasuwa daga Kano, ina gaya musu yadda na ji ƙanshin ƙarfe daga zurfin ƙasa, na daka tsawa aka tsayar da inji, na ceto rijiya da duk mutanen da ke kanta. Suna ta jinjina min. Maman yara ta shigo da kwanon miya, ta ajiye a hankali, ta ce Alhaji, ita dai har yau abu ɗaya ne ba ta gane ba, rijiyar nan da nake ta cewa na ceto, daga hannun wa na ceto ta?