Tantin Baba da Tantin Haya

Autanmu ne ya jawo tafiyar. Tun muna unguwar Nakkasa a Makka, yana ɗan mitsitsinsa, ba ya barin gwangwani ko bokiti ya zauna lafiya a gidanmu, sai ya kifa shi ya yi ta duka. Ya girma, ya zama direban wani kamfani, amma hannun bai daina ƙaiƙayi ba. Ya shiga ƙungiyar masu mizmar, wato wasan sanda da ganguna na mutanen Hijaz da ake yi a bukukuwan aure, ya zama shi ke riƙe babbar ganga.

Wata Juma'a bayan mun ci abincin rana a gidana da ke unguwar Rusaifa, ya goge hannu ya ce an gayyaci ƙungiyarsu wani bikin kiɗa da za a yi a kan duwatsu, can gaba da Ɗa'ifa, kuma kwana ake yi a wurin. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Umma, tana kishingiɗe tana jan carbi. Ba ta taɓa ganin ɗanta yana kiɗa ba, domin a bikin aure ɓangaren maza suke yi, sai dai ta jiyo amon daga bayan katanga.

"Mata na shiga?" ta tambaya.

"Kowa na shiga, Umma."

"To zan je."

Muka kalli juna. Matar da zuwa asibiti ma sai an yi ta lallashi. 'Yata, wadda take jami'a a lokacin, ta riga ta ɗauko waya. Ita in ka yi mata Hausa da Larabci take amsawa, sai dai ga kakarta ne take ƙoƙartawa. Ta yi mana bayani cewa masauki iri biyu ne. Akwai tantunan da masu bikin suka riga suka kakkafa, da gado da bargo da wutar lantarki, banɗaki ma ga shi kusa, kai dai ka zo da jakarka ka shiga. Akwai kuma fili a gefe, inda za ka zo da naka tantin ka kafa da hannunka.

Ni ban tsaya dogon tunani ba. Na ce kafaffe za mu kama, saboda gwiwoyin Umma da sanyin dutse. Gaskiyar magana kuma har da kaina nake ji. Duk fitar da muka taɓa yi, ni ce mai ɗaure kaya, ni ce mai kwancewa, ni ce mai neman inda aka jefa murfin tukunya.

Umma ta ajiye carbi. "Muna da tanti a gidan nan za mu je mu kwana a na haya?"

Tantin Baba take nufi, Allah ya jiƙansa. Wani ƙaton abu ne na tamfol mai kauri, ruwan ƙasa, wanda yake fita da mu da shi bayan gari duk lokacin da aka yi ruwan sama ƙasa ta yi sanyi. Ranar da rusau ya iso layinmu a Nakkasa, sai da Umma ta ga an ɗora tantin nan a mota kafin ta yarda a taɓa firij. Tun daga nan yake naɗe a ɗakin ajiya a saman benenmu.

Maigidana, wanda na zaci zai goya mini baya, sai ya gyara zama ya ce, "Wallahi Umma ta yi gaskiya. In ba ka buga turke da hannunka ba, ai otal ka je."

"Kai da ka kasa ɗaura labulen falo?" na ce.

Aka kwashe da dariya, har da shi. Muka yi ta ja har shayi ya huce. A ƙarshe aka raba: mu mata mu kama kafaffe, shi da Auta su ɗauki na Baba su je fili. Umma ta amince, amma tana gunaguni wai an mai da ita baƙuwa.

Ranar tafiya muka tashi da sassafe, muka hau hanyar dutse mai lanƙwasa, birai na zaune a bakin titi suna kallon motoci. Da muka isa sai iska mai sanyi ta tarbe mu, irin wadda ba ma samu a Makka. Tantunan haya farare ne tas, an jera su layi-layi, an shimfiɗa tsakuwa a tsakaninsu. Wata budurwa mai aiki a ƙofar shiga ta ɗaura mana zare a wuyan hannu, shaidar cewa mu 'yan ciki ne, ta raka mu namu. Maza kuma suka wuce fili da mota.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Kafet mai laushi, gadaje a gyare, fitila, har da 'yar na'urar ɗumama ɗaki. Na ajiye jaka, na tsaya ina neman aikin da zan yi, ban samu ba. Sai na cire takalmi na miƙe a kan gado ina dariya ni kaɗai.

Umma ta zauna a bakin nata gadon, ta shafa zanin, ta duba sama, ta duba ƙasa. Sannan ta kwance ƙullin da ta hana kowa taɓawa tun daga gida. Ashe ɗan murhun gas ne a ciki, da tukunya, da garin tuwo, da kuka, da daddawa.

"A ina ake ɗora girki?"

'Yata ta nuna mata allon da ke jikin ƙofa. "Mamnu'u ne, Kaka, an hana. Ba a kunna wuta a nan. Akwai wurin cin abinci."

"To a nan me ake yi?"

"Hutawa ake yi, Umma," na ce.

Ta mayar da ƙullinta ta ɗaure. "To na huta."

Bayan sallar azahar barci ya ɗauke ni, barci mai daɗi da na daɗe ban yi irinsa ba. Da na farka babu Umma, babu ƙullinta, babu 'yata. Na yafa mayafi na nufi fili.

Filin wata duniya ce dabam. Motoci a fake ta ko'ina, igiyoyi na harɗe ƙafa, hayaƙin gawayi, yara na guje-guje, can wasu samari na kaɗa garaya irin ta Larabawa, nan wasu na tafi. Ban sha wahalar gano namu ba, domin shi ne wurin da jama'a suka taru. Umma na zaune a kan kujerar naɗi tana ba da umarni, maigidana da Auta sun yi jagab da gumi duk da sanyin. Turaku sun ɓace da yawa, sanda ɗaya kuma ta fi sauran gajarta, ba wanda ya san dalili.

"Babanku ta nan yake farawa," in ji Umma, tana nuna gabas. Aka ja ta nan, tantin ya kife. "A'a, ta can ne." Aka ja ta can, ya sake kifewa. Ita ma ta fashe da dariya, ta ce ita dai a wancan zamanin shayi take haɗawa, ba ta taɓa lura ba.

Wani dattijo Balarabe daga tantin kusa ya kawo turakun ƙarfe, wasu samari 'yan Jidda suka kama igiyoyi, aka tara duwatsu a ƙarƙashin gajeriyar sandar. Da ƙyar ya tsaya, ya karkace gefe guda kamar mai ciwon wuya. Aka yi masa tafi. Da na shiga ciki sai warin tsohon tamfol ya bugi hancina, na tuna Baba yana karkaɗe rairayi daga tabarma, na fito da sauri kafin a ga idona.

Umma ta kunna murhunta a bakin ƙofa. Miya ta fara tafasa ke nan, ƙamshin daddawa ya bi iska, sai muka ji wata murya daga bayan motoci, da Hausa tsantsa.

"Wace ce ke kaɗa miyar kuka bisa dutsen ga?"

Umma ta saki ludayi. Wata tsohuwa ce ta ɓullo, tana dogara sanda. Goggo ce, maƙwabciyarmu ta Nakkasa, wadda katanga ɗaya ta raba gidajenmu, 'yar asalin Nijar, wadda ta yi mini kitso tun ban san kaina ba. Da aka yi rusau kowa ya kama gabansa, muka ji an ce sun koma unguwar Ka'akiyya, lambar wayar da muke da ita kuma ta daina shiga. Ashe ɗanta ne ya zo sayar da tsire a bikin, ta biyo shi.

Suka rungume juna, suna kuka suna dariya. "Kin tsufa!" in ji Goggo. "Ke kuma fa, yarinya?" in ji Umma. Goggo ta kama fuskata da hannu biyu, ta kalli 'yata ta ce wannan doguwar daga ina. Nan suka zauna a tabarma suna bin gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya, wa ya rasu, wa ya aurar, wa ya koma ina. Maigidana ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Da a tantinki take, da wa zai ji ƙamshin?" Na ce ya tafi ya duba sandarsa.

Bayan la'asar hadari ya taso daga bayan duwatsu. Kafin mu gama cewa za a yi ruwa, har ya sauko, da iska, da ƙanƙara ƙanana kamar tsakuwa. Muka ruga cikin tantin Baba da tukwane. Sai ga ruwa na zuba ta wasu huji da ɓeraye suka yi a rufin, waɗanda ba mu gani ba da rana. Muna ta matsawa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Can iska ta bugo, duwatsun da ke ƙarƙashin gajeriyar sandar suka zame, rabin tantin ya rufto a kan maigidana. Muna jin muryarsa daga ƙarƙashin tamfol yana cewa, "Ba komai! Ba komai!"

Auta ya jawo shi, ya sa Umma da Goggo a mota, ni na rungumi tukunyar miya, 'yata ta ɗauki ta tuwo. A ƙofar tantunan haya budurwar nan ta leƙo cikin motar. Mu uku ne kawai ke da zare a hannu. Ta kalli tsofaffin nan biyu a jiƙe, ta kalli tukunyar da ke cinyata, ta yi murmushi ta ɗaga mana hannu mu wuce. Daga baya na aika mata da malmala biyu.

Muka ture gadaje gefe, muka kunna na'urar ɗumi, muka baje a kafet. Ɗan Goggo ya biyo mu da tsire a takarda, shi ma a jiƙe. Ruwa na dukan rufi, ko ɗigo bai shigo ba. Muka ci tuwo da tsire, haɗin da ban taɓa yi ba, muna ta maimaita yadda tantin ya faɗi, kowa da irin nasa ƙarin gishirin. Umma ta lulluɓa da bargo har wuya, ta shafa shi ta ce, "Bargon nan nasu ba laifi." Iyakar abin da ta yarda ta faɗa ke nan. Aka sanar da cewa an ɗage wasan ranar zuwa gobe. Goggo ta kwana tare da mu, maza suka kwana a mota.

Washegari gari ya waye tas. Maza suka shanya tantin a kan duwatsu, suka sake kafa shi don inuwa, wannan karon ya ɗan fi miƙewa. Umma ta yi barcinta a gadon haya, ta yi wuninta a fili, kuma ba ta ga wani abin tattaunawa a cikin hakan ba.

Da rana ta yi sanyi aka kira ƙungiyar su Auta. Muka samar wa tsofaffin kujeru a gaba. Suka fito cikin fararen riguna da ɗamara da rawani ruwan lemo, suka yi da'ira, masu sanduna a tsakiya. Auta ya zauna da gangarsa. Da ya sauke hannu a kanta sai na ji bugun a ƙirjina. Mai waƙa ya ɗaga murya, sauran suka amsa, tafi ya kama, biyu suka shiga fage suna juya sanduna a sama. Goggo na kaɗa kai tana cewa wannan kiɗan ai da ɗan'uwansa a garinsu.

Ni Umma nake kallo. Ta dafa gwiwoyi, ta miƙa wuya, bakinta a ɗan buɗe. Da kiɗan ya kai inda ya fi zafi, sai ta miƙe tsaye ba tare da ta nemi hannun kowa ba, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Goggo ta karɓa. Wasu matan Larabawa a bayanmu suka amsa da irin tasu. Auta ya ɗago kai, ya gano ta a cikin taron, ya yi wata dariya da ta buɗe dukkan haƙoransa, hannunsa bai tsaya ba. 'Yata ta ɗora hannu a baki ta ƙwala da Hausa, "Kawuna ne! Kawuna ne!"

Da ya sauko ya zo ya durƙusa a gabanta. Ta dafa kansa ta ce, "Ashe bokitaina ba su mutu a banza ba."

Ranar komawa muka loda kaya, na buɗe wa Umma ƙofar mota. Ta ce a'a, ita motar ɗan Goggo za ta shiga, za ta je ta ga inda suke zaune a Ka'akiyya, gobe a zo a ɗauke ta. Muka bi bayansu muna gangarowa daga dutsen, ina hango kawunansu biyu ta gilashin baya, ba su daina magana ba har muka rabu a mararraba. Goben ta zo, ta ce a ƙara mata kwana. Sai da ta shafe fiye da mako a can. Da ta kira ni a waya, cewa ta yi in kawo mata maganin gwiwa da wasu zannuwa, in kuma taho da yunwa, domin Goggo ta ɗora dambu.