Rufin Ɗakin Inna

Shekara bakwai Inna, mahaifiyarmu, tana roƙon yayana ya gyara mata rufin ɗakinta a gidanmu na Tudun Wada. Duk damina sai ta naɗe katifa, ta jera kwanuka tana tarar ruwa. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Sai an samu hali, Inna."

A lokacin aurena ya mutu, na dawo gida ina koyarwa a firamare, kuma ɗaki ɗaya muke da ita. Ba labari aka ba ni ba.

Da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, gidaje suka yi daraja, sai Yaya ya ce za a sayar da namu, mu koma Gyallesu. Ya kawo dillali, wani mai babbar riga yana ta ƙamshin turare. Mutumin ya zagaya tsakar gida, ya leƙa ko'ina, ko gaida Inna bai yi ba.

"Alhaji, ba sai ka kashe da yawa ba," in ji shi. "A shafa farar ƙasa, a yi wa zaure daɓen siminti, a canza kwanon da ya huje. Wancan lemon kuma a sare shi, yana cin fili."

Cikin sati guda aka gama komai. Sati guda! Fallen kwano huɗu kacal rufin Inna yake buƙata. Kafinta ya hau da hantsi, kafin azahar ya sauko. Aka yi wa ƙofa shuɗin fenti, aka cike tsagar bango, aka sa wa rijiya murfi. Lemon da marigayi Baba ya dasa, aka sare shi da 'ya'yansa a jiki.

Na tare Yaya a zaure.

"Ashe akwai hali? Ashe aikin rabin yini ne?"

"Ke ba ki san ciniki ba," ya ce. "Wannan jari ne."

"Inna fa? Ita ba ta isa a yi mata ba, sai baƙo?"

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ni, ya sauke, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Da na koma ciki, Inna ta ce, "Ki bar shi, yayanki ne." Wannan ya fi ƙona mini rai.

Wani ɗan kwangila ne ya saya. Bai ko shiga ɗakunan ba, taku kawai ya yi ta yi yana auna fili. Bayan wata biyu na bi ta layin, na tarar ya rushe komai zai gina bene. Sabon kwanon Inna, da shi aka yi wa siminti rumfa don kada ruwa ya taɓa shi.

Ban sake yi wa Yaya magana ba sai da babbar salla, shi ma don Inna ta tsare ni da ido ne. Na ce masa barka da salla, na tashi na ba shi wuri.